Ina zura allura, ashe ido yana tafiya

Ɗinkin hannu sana'ar gidanmu ce. Kakana ya yi ta, mahaifina ya yi ta, ni ma ban kai shekara goma ba aka damƙa mini allura a zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Babbar riga muke yi wa aiki, aska biyu, aska takwas, tambari, duk wanda mai riga ya zaɓa kuma aljihunsa zai ɗauka. Shadda ta mai riga ce, zare ma kuɗinsa ne. Abin da maɗinki ya zo da shi daga gida idonsa ne da haƙurinsa.

Akwai gado na biyu a gidan, wanda ba wanda ya taɓa kiransa gado. Kakana da sanda na san shi, ana ja masa gora zuwa masallaci. Baba kuma ya ajiye allura yana ɗan shekara hamsin da 'yan kai, zamanin mulkin Babangida. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne idonsa garau yake, ba yana, ba hakiya, ba ya ruwa, ba ya ja. Baƙo zai shigo zaure ya miƙa masa hannu, sai ya ga Baba bai karɓa ba, sannan ya gane. Sai magana ta rabu biyu. Masu sauƙaƙawa suka ce ɗinki ne ya cinye masa ido, shekara da shekaru yana aiki a gaban aci-balbal. Masu zurfafawa suka ce jifa ne, har ana nuna gidan da ake zargi. An kai shi asibitin ido na Mishan da ke Sabon Garin Kano, wanda ake kira na ECWA, asibitin da yake aiki tun 1943. Abin da ya iso kunnenmu daga bakin kawun da ya raka shi gajere ne: sun ce jijiya ta mutu, ba abin da aiki zai yi. Aka ce Allah ya sa kaffara ce, aka ci gaba da rayuwa. Baba ya daɗe a haka, yana zaune a zaure yana shafa aikinmu da yatsa, yana gano inda ɗinki ya karkace ya sa a warware.

Duk 'yan zaurenmu da maganar farko muka tashi. Mun ɗauka haka sana'ar take: ka ci da ido da ƙuruciya, ka biya da tsufa.

Wadda ta rushe wannan lissafi ita ce Yayata, wadda nake bi. Ita ba ta taɓa yi wa riga aiki ba, ƙosai da kunu take sayarwa a gidan aurenta a Tudun Wada. Nata ya fara ne da surutun mutane. Wai tun da ɗanta ya samu aiki ta yi girman kai, tana wuce mata a zaune a gefen layi ba ta gaishe su. Daga nan sai tuntuɓe da buta, bugun kafaɗa a bakin ƙofa, take kwanon jika. Wata rana ɗan acaɓa ya kusa kwashe ta, ya fito daga damanta, ta rantse ba ta gan shi ba sai da ta ji burki. Amma wannan matar tana tsince tsakuwa a cikin shinkafa, tana ƙirga canji ba kuskure, tana karanta Alƙur'aninta da asuba. Wa zai kawo ido a ransa? Aka ce gajiya ce, aka ce hawan jini ne, ɗanta ya sayo mata maganin ɗigawa a kemis. Ranar da gaskiya ta fito, kwalli take sawa. Ta rufe idon hagu don ta zizara masa, sai ta ga duhu. Na dama ya daɗe da tafiya, na hagu ne yake ɗauke da ita ba ta sani ba.

Wannan a shekarar da ta gabaci kullen korona ne. Mijinta ya manyanta, don haka rakiya ta faɗo kaina. Muka shiga motar Kaduna da sassafe, muka sauka a Kawo, muka hau Keke Napep zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke wajen Mando. Layi ba a magana. Mutane daga Katsina, daga Neja, daga Bauci, kowa da mai ja masa hannu.

Likitar da ta duba ta mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana leƙa idon Yaya, sannan ta ajiye abin hannunta.

"Hajiya, akwai wanda ya taɓa makancewa a gidanku?"

Yaya ta ce Babanmu da kakanmu.

Sai ta juyo gare ni. "Malam, kai fa, ɗan'uwanta ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya, ranki ya daɗe."

"Yaushe rabonka da awon ido?"

Na yi dariya. Na ce ni rakiya na yi, lafiyata ƙalau. Na zaro tabaraun da na saya a kasuwar Sabon Gari na nuna mata, na ce da wannan nake zura allurar da samari suke kasa zurawa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce yayarka ma tana zura allura. Je ka yanki kati.

Zan faɗi yadda awon yake dalla-dalla, don na lura tsoron abin da ba a sani ba yana hana mutane da yawa zuwa. An fara tsayar da ni nesa da wani allo mai ɗauke da harafin E, wani ƙafafunsa sun kalli sama, wani ƙasa, wani gefe, suna ƙanƙancewa layi bayan layi. Ko ba ka yi boko ba, da hannu kake nunawa. Na rufe ido ɗaya na karanta har kusa da ƙasa, na rufe ɗayan na sake. A raina na ce to ga shi nan. Sai aka zaunar da ni gaban wata na'ura, na ɗora haɓa, aka ɗiga mini maganin da ke kashe jin ido da wani ruwa mai launin ɗorawa, aka matso da wata fitila shuɗiya har ta taɓa ƙwayar idon. Ban ji komai ba. Wannan shi ne awon matsin ruwan ido. A yawancin mutane lambar tana tsakanin 10 da 21. Tawa ta nuna 28 a dama, 31 a hagu. Bayan haka aka ɗiga wani maganin mai buɗe ƙwayar ido, na zauna har ya kama, likita ta leƙa can ciki inda jijiyar gani take. Wannan maganin yana sa gani ya yi dishi-dishi na wasu awanni, hasken rana ya dame ka, shi ya sa ba a so mutum ya tuƙa mota bayansa.

Awon da ya gamsar da ni shi ne na faɗin gani, wanda aka ba ni rana daban na koma na yi. Za ka sa fuska a cikin wani farin abu mai zurfi, ka kafa ido a tsakiya, a ba ka maɓalli a hannu. Duk lokacin da ɗan haske ya ƙyafta a ko'ina, ka danna. Na yi ta dannawa ina jin na cinye. Da takarda ta fito, sai ga baƙin tabo shimfiɗe a sashen sama na idon hagu, ya gangaro ta gefen hanci. Haske ya yi ta ƙyaftawa a wurin, ni kuwa ina zaune ina jiran ya zo.

Likita ta ce wannan shi ne hawan jinin ido, wanda su suke kira gilakoma. Ta gargaɗe ni kada in haɗa shi da hawan jinin da ake aunawa a damtse, mutum yana iya samun wancan daidai wannan yana cinsa. Bayaninta shi ne ido yana samar da wani tsabtataccen ruwa a cikinsa dare da rana, wanda ba hawaye ba ne, kuma ruwan yana fita ta wasu ƙananan kafofi a da'irar da baƙin ido ya haɗu da fari. Idan fitar ta yi nauyi sai ruwan ya matse, matsin ya riƙa danne jijiyar da ke kai hoto ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan tana da silla fiye da miliyan ɗaya. Ni da nake aiki da zare nan take na gane: in silla ɗaya ta tsinke a murɗaɗɗen zare ba ka ji, goma ba ka ji, zaren yana nan yana ɗinki, sai ranar da ya rage 'yan kaɗan. Bambancin kawai shi ne wannan ba a ƙulla shi. Sillar da ta mutu ta mutu. Kuma na gefe ne suke fara tafiya, na tsakiya, waɗanda ake zura allura da su, ake tsince tsakuwa da su, su ne na ƙarshe. Ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri, ƙwaƙwalwa tana cike gurbin da abin da ta saba gani, ciwo kuma babu. Ta ƙara da cewa ya fi kama baƙar fata, ya fi kama mu da wuri, ya fi yi mana tsanani, kuma wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini suke da shi haɗarinsa ya ninka na sauran mutane.

Ashe ba aci-balbal ba ne, kuma gidan da aka yi shekaru ana harara ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da ciwon kansa, domin har aure an fasa tsakanin gidajen nan biyu.

A hanyar komawa Yaya ce take tsokanata. "Mai-sunan Malam, kai da ka rako mara lafiya, ga shi ledarka ta kai tawa." Ita ce mai ido ɗaya da ya rage kamar leƙe ta kafar ƙofa, ita ce kuma mai ba ni baki.

Abin da ya yi mata wuyar haɗiya daga baya shi ne labarin wani dattijo maƙwabcinsu. Shi yanar ido ce ta rufe shi ruf, har farin yana fitowa a tsakiyar ƙwayar. Aka yi masa aiki, aka cire abin da ya yi gajimare aka sa masa na roba, kashegari aka buɗe bandeji ya ga jikokinsa. Yaya ta ce ita ma a yi mata irinsa ko nawa ne, za ta sayar da awakinta. Sai da likita ta zaunar da ita ta bambance mata: mai yana jijiyarsa lafiya lau, labule ne aka yaye masa, ita kuwa jijiyar ce ta tafi, duk abin da za a yi na riƙe ragowar ne. Bayan haka wani mai yawo gari-gari da ke ikirarin kwantar da yana da allura ya biyo unguwarsu, mata suka yi ta zuga ta. Ɗanta ya tsaya kai da fata ya hana. Irin wannan aiki ko ga mai yanar gaske sau da yawa makanta da azaba yake ƙarewa da su, balle wadda ba yana take da ita ba.

Daga ranar rayuwata ta koma kan kwalba. An fara ni da Timolol, safe da yamma, bayan an tambaye ni ko ina da asma ko ciwon zuciya, domin yana iya tayar da asma ya kuma rage bugun zuciya. Da lambar ta ƙi sauka yadda ake so, aka ƙara mini Latanoprost, ɗigo ɗaya da dare. Wannan ne ya tsawaita mini gashin ido har uwargida take cewa na fi ta. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta koya mini yadda ake sawa: ɗigo ɗaya ya isa, na biyu zubewa yake a kumatu tare da kuɗinka, in ka ɗiga ka rufe ido, ka danne lungun da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu, in magani biyu ne ka bar minti biyar tsakaninsu. Kwalbar Latanoprost da ba a buɗe ba sanyi take so, a garin da wuta take zuwa in ta ga dama. Nakan ajiye ta a firjin wani mai shago da ke da sola, wadda aka buɗe kuma tana kusa da gindin randa.

Wahalar wannan magani ita ce ba ka jin amfaninsa. Mai zazzaɓi ya sha magani ya ji sauƙi ya gode. Kai kuwa ka ɗiga yau, gobe ganinka yana nan yadda yake, ga ɗan raɗaɗi, ga kuɗi sun fita. A layin asibiti na haɗu da mutane da yawa da suka daina saboda haka, suka dawo bayan shekara biyu ana ja musu hannu. Wasu kuma ba don sun so suka daina ba. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin kwalbar nan ya yi tashin da ban taɓa zato ba, ga masu ba da ɗinkin babbar riga sun ragu. Akwai watan da na zauna ina auna tsakanin buhun masara da kwalba biyu. Na faɗa wa likita gaskiya, ta rubuta mini na wani kamfani mai sauƙi wanda sinadarinsa ɗaya. Duk mai irin ciwona in ya ga ba zai iya saye ba, ya buɗe baki ya faɗa a asibiti, ya fi ya riƙa tsallake kwana yana ɓoyewa.

Azumin farko ya zo mini da tambaya, domin wani lokaci ina jin ɗacin maganin a maƙogwaro. Na tambayi malaminmu, ya ce malamai sun saɓa a kan ɗigon ido, kuma a mazhabarmu abin da ya isa maƙogwaro ana kaffa-kaffa da shi. Na kai wa likita maganar. Ta ce abu mai sauƙi: na safe ka sa lokacin sahur, na yamma bayan shan ruwa, na dare yana nan a wurinsa. Shi ke nan, ba azumin da ya taɓu, ba ɗigon da aka tsallake.

Aiki mafi wuya da likita ta ɗora mini shi ne in kawo mata 'yan gidanmu. Baba mata biyu ya yi, muna da yawa, mun warwatsu. Na fara da waɗanda suke jin maganata. Ƙanwata ɗaya aka same ta da shi tun yana ɗanye, ko tabo bai fito a takardarta ba. Tana kan ɗigo, kuma in Allah ya so ba za ta taɓa sanin abin da Yaya ta sani ba. Yawancinsu aka ce lafiya lau, amma su riƙa komawa duk shekara. Wani ɗan baffanmu ya je neman gilakoma ya dawo da labarin ciwon suga, domin likita ya ga ɗigon jini a bayan idonsa ya tura shi awon jini. Shi ma yanzu duk shekara ake leƙa masa, kamar yadda ake so kowane mai suga ya yi ko da ganinsa garau ne.

Yara ma sun shiga. 'Yar autata da malaminsu yake cewa ba ta mai da hankali, ashe allo ne ba ta gani daga bencin baya. Aka yanka mata tabarau, magana ta ƙare. Na ɗan ƙanena ne ya tayar mini da hankali. Yaron yana fama da ƙaiƙayin idon nan da ke addabar yara lokacin ƙura da zafi, har farin idon ya koma ruwan ƙasa. Uwarsa ta samu wani ɗigo a kemis da ke kwantar da shi nan take, ta mai da shi abin kullum, kwalba na ƙarewa ta sayo wata. Da likita ya karanta jikin kwalbar ya ga Dexamethasone, sai ya auna yaron, matsin idonsa ya hau. Irin waɗannan ɗigo masu sitiroyid, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, suna da amfani in likita ne ya rubuta yana bibiya, amma in aka daɗe a kansu suna iya jawo hawan jinin ido da yana, har ga ƙaramin yaro. Aka janye masa shi a hankali aka canza wani, lambar ta sauka. Uwar ba ta yi don mugunta ba, ta ga abin da ke sa ɗanta barci ne. Amma har gobe ana sayar da wannan kwalba ga duk wanda ya miƙa kuɗi, ba mai tambayar takarda.

Wanda ya gagare ni shi ne ƙanena direban tirela, wanda yake Kano zuwa Legas. Na same shi har gida.

"Yaya, don Allah kada ka tono mini abin da Allah ya rufe. Ina ganin hanya tun daga nesa. In aka rubuta a takarda ina da ciwon ido, wa zai sake ba ni mota?"

Na ce masa ai abin da ake tsoro ba nesa yake ba, gefe yake, inda ɗan acaɓa yake fitowa, inda yaro yake tsallakowa. Ya ce komai ƙaddara ne. Na ce haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. 'Yata babba, wadda take karatun aikin lafiya, ta sa baki da abin da aka koya musu. Ta ce an yi wani babban binciken makanta a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, aka duba mutane sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka samu kusan 4 cikin 100 makafi ne. Yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido yana biye. Kusan mutum 5 cikin 100 suna ɗauke da gilakoma, kuma cikin masu ita ko 6 cikin 100 ba su kai ba waɗanda suka san suna da ita. Ɗaya cikin biyar na masu ita ya riga ya makance. Ta ce masa, "Baffa, waɗannan ba duka ne suke da tarihin gida irin namu ba fa." Ya saurara, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ce in ya dawo daga wannan tafiyar. Tafiyar ba ta ƙare ba har yau.

Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya. Tsoron rasa abinci ba ƙaramin tsoro ba ne, kuma zuwa asibitin ido yana cin yini guda, wani lokaci da kuɗin mota mai yawa. Mu mutanen Zariya da sauƙi, ga asibitin koyarwa na Shika, ga Kaduna kusa. Wanda ke ƙauye mai nisa sai ya sayar da wani abu kafin ya ga na'urar da na ɗora haɓa a kanta. Amma shi ƙanena yana wuce ƙofar waɗannan asibitoci da tirela kowane mako.

Wani abu da nake yawan faɗa wa abokan sana'a shi ne su daina ɗaukar sayen tabarau a matsayin awon ido. Duk wanda ya haura arba'in ganin kusa yana yi masa nauyi, wannan tsufa ne na kowa, kuma tabaraun tebur yana gyara shi. Ka gwada, ka karanta jarida, ka biya, ka tafi kana murna. Ni haka na yi shekaru ina aiki da nawa, yana yi mini daidai, jijiya kuma tana tsinkewa a bayansa. Haka nan taron duba ido kyauta da ake kawowa unguwanni, alheri ne babba, ya buɗe idon masu yana da yawa, amma in abin da aka yi maka haska tocila ne da karanta allo, ba a gama ba. Ka tambaya da bakinka: an auna matsin idona? An leƙa jijiyata? Biyun ake so, domin akwai waɗanda lambarsu ba ta wuce 21 amma jijiyar tana lalacewa. Shawarar da aka ba mu ita ce wanda ya kai arba'in ya je duk shekara ɗaya ko biyu, wanda kuma yake da makaho a dangi kada ya jira arba'in. A zaurenmu yanzu nakan tuna wa mutane a watan Maris, lokacin da gidajen rediyo suke maganar makon gilakoma na duniya. Wasu suna zuwa, wasu suna cewa Malam ya fara wa'azinsa.

Yaya tana nan. Idon hagun yana riƙe, tana gane fuska in an tsaya mata saiti, tana zuwa makewayi da kanta, amma ta bar suyar ƙosai saboda mai da wuta, jikarta ce ta gaje ta. Matan da suka ce ta yi girman kai su ne yanzu suke ɗaga murya su gaishe ta tun daga nesa.

Ni kuma ciwon idona na dama bai ƙaru ba tun ranar da aka gano shi. Na hagu ne yake gardama. A awon faɗin gani na baya-bayan nan tabon ya ɗan ƙara matsowa duk da kwalba biyu, sai likita ta kawo maganar tiyata. Za a buɗe wata 'yar hanya a farin ido, can ƙarƙashin fatar sama inda ba a gani, don ruwan ya samu mafita. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa aikin ba zai ƙara mini gani ba, ƙila ma in ga dishi-dishi na wasu makonni, kuma sai na riƙa komawa ana dubawa. Wannan ne ya sa mutane suke gudunsa: an yi wa wane aiki bai warke ba, in ji su, alhali shi wane ba warkewa aka nema masa ba, tsayar da ɓarna aka nema. Na roƙi arziki a bar ni in sallami rigunan Babbar Sallah da na karɓi kuɗinsu. Ta yarda, da sharaɗin kada ya wuce haka.

Ranar aikin ba zan iya dawowa Zariya ni kaɗai da ido a naɗe ba, don haka na kira ƙanena direba na ce shi nake so ya kai ni ya dawo da ni. Wannan bai yi musu ba, ya ce ko yana Legas zai taho. Na riga na shaida wa likita cewa da mai rakiya zan zo, kuma ubanmu ɗaya.